Saƙo Ɗaya, Masu Karɓa Dubu: Yadda Sanarwa Ke Isa Ƙasar Urafane

Urafane gari ne na sarauta da ke arewa da Tasawa, cikin jahar Maraɗi, ƙasarsa kuwa tana iyaka da ta Mayahi daga yamma. Ƙidayar jama'a ta shekara ta 2012 ta nuna cewa mutanen wannan karkara sun haura dubu ɗari: manoman hatsi da dawa da wake, da makiyaya Fulani da Buzaye, waɗanda ke warwatse cikin ƙauyuka da tungaye da rugage, mafi yawansu hanyar rairayi ce kaɗai ke kai mutum gare su. Duk ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin sanar da irin wannan jama'a magana guda cikin lokaci guda ya san cewa jan aiki ne a gabansa.

A ɗauka, alal misali, an shiga tsakiyar damina, rumbuna sun yi ƙasa, hukuma ta yanke shawarar buɗe sayar da cimaka a kan farashi mai rahusa, kamar yadda ma'aikatar OPVN, wadda aka kafa a shekara ta 1970, ta saba yi sa'ad da abinci ya yi wuya. Ranar da za a fara, da wurin da za a yi, da kuɗin buhu, duka magana ce da ba ta wuce layi biyar ba. Amma wanda labarin ya iske a kan kari zai nemi kuɗi ya ɗaura amalanke, wanda ya iske a makare kuwa zai tarar an tashi, ya koma wajen ɗan kasuwa ya ci bashi da tsada. Haka al'amarin yake game da allurar rigakafin yara ko ta dabbobi, ko kiran malaman lakwal zuwa taro, ko gargaɗin ɓullar fara. Saboda haka tambayar da ke gaban kowane biro ita ce: ta wace hanya saƙo ɗaya zai isa ga mutum ɗari biyar ko dubu biyar, bai canza ba, bai makara ba, bai kuma tona asirin kowa ba? Hanyoyin suna da yawa a yau, kowace kuwa da abin da take ci wa mai bin ta.

TSOHUWAR HANYA

Zamanin da Tasawa take hannun supurefe, watau bayan gyaran rabon ƙasa na shekara ta 1964, hanyar sanarwa ɗaya ce, kowa ya san ta. Sakatare ya zauna gaban keken rubutu, ya jera farar takarda da ta kabon, ya buga. Bugu guda yakan ba da kwafi huɗu ko biyar, na ƙarshen ya yi dishi-dishi har sai an kai shi bakin taga kafin a karanta. In ana bukatar ɗari, sai a koma ga injin roneyo, wanda ake juyawa da hannu, tawada na ɓata riga. Da irin wannan inji ne ma'aikatar yaƙi da jahilci ta riƙa fitar da ƙananan jaridun karkara da tsofaffin ɗalibai ke tunawa da su. A gindin kowace takarda akwai jerin ofisoshin da aka aika wa kwafi, domin kowa ya san wanda ya gani. Daga nan supurefe ya sa hannu, a buga hatimi, gardi ko ɗan aike ya kai wa sarki, sarki ya tura dogarai ga masu gari, mai gari ya kira sankira, sankira ya kewaya gari da ganga bayan sallar magariba, ko ya tsaya tsakiyar kasuwa ya yi yekuwa.

Aibin wannan hanya a fili yake. Tana cin kwanaki, kuma maganar da ta bi baki biyar da wuya ta isa yadda ta taso, balle ma an rubuta ta da Faransanci, aka fassara ta a tsaye a ƙofar fada. Amma tana da wani alheri da bai kamata a raina ba. A kowane mataki akwai mutumin da aka sani, wanda za a iya tuhuma idan saƙo ya ɓace, kuma wanda ya ji muryar sankiran garinsu ba ya tambayar ko gaskiya ne daga hukuma maganar ta fito. Ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a Nijar a shekara ta 1962 ta ƙara wani abu a kan haka: mutane su taru su saurari shiri, su yi muhawara, a ɗauki muryarsu a mayar Yamai. Watau tun wancan lokaci an gane cewa mai aika saƙo yana bukatar ya ji amsa.

WASIƘAR INTANET DA LAYUKANTA UKU

Wasiƙar intanet, wadda aka fi sani da imel, ta samo asali a Amurka a shekara ta 1971, lokacin da wani injiniya mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya kuma zaɓi alamar @ domin raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. Ba a jima ba aka gwada aika wa jama'a da yawa a bugu guda. Ran 3 ga watan Mayu na shekara ta 1978, wani ɗan tallar kamfanin kwamfuta na DEC, Gary Thuerk, ya aika wa mutum wajen 400 gayyatar kallon sababbin injuna. An buga adireshin ɗaya bayan ɗaya da hannu, suka yi yawa har wasu suka malalo cikin jikin wasiƙar. Waɗanda ba su nemi tallar ba suka fusata, hukumar da ke kula da layin ta ja wa kamfanin kunne. Matsalolin da suka bayyana a wannan rana, wato yawan adireshi, da bayyana sunayen mutane, da aika wa wanda bai nema ba, su ne har yau ke damun masu wannan aiki.

Wanda ya buɗe akwatin imel da Faransanci zai ga layuka uku a sama: À, da Cc, da Cci. Na farko na wanda ake magana da shi ne. Na biyu shi ne magajin takardar kabon, kuma aikinsa ɗaya da jerin nan na gindin takardar hukuma. Na uku kwafi ne na ɓoye: duk wanda aka sa a nan zai sami wasiƙar, amma sauran ba za su ga adireshinsa ba. Hanya mafi sauƙi ta aika wa mutane da yawa ita ce a zuba adireshinsu duka a ɗaya daga cikin waɗannan layuka a danna. Ba ta cin ko tamma, ba ta bukatar wani koyo. Ga sufeton makarantu da ke son kiran daraktoci goma sha biyar da suka san juna, babu abin da ya fi ta.

Haɗarin yana farawa ne sa'ad da jerin ya yi tsawo, ko kuma sa'ad da sunan mutum cikin jerin shi kansa asiri ne. A watan Satumba na shekara ta 2015 wani asibiti a birnin Landan ya aika takardar labarai ga mutum kusan 780 da ke hulɗa da sashen masu ƙwayar cutar sida. Ma'aikaci ya sa adireshin a layin farko maimakon na uku, kowa ya ga sunan kowa, aka ci hukumar asibitin tarar fam 180,000 a shekara ta 2016. Wanda ya fi wannan muni ya faru a watan Satumba na 2021, bayan ƴan Taliban sun karɓi mulkin Afganistan: wani ofishi na ma'aikatar tsaron Ingila ya rubuta wa ƴan ƙasar 245 da suka yi wa sojojinta aiki, suna ɓoye suna jiran a fitar da su, ya bar adireshinsu a fili. Mutum biyu suka mayar da amsa ga kowa da kowa, ɗaya har ya faɗi inda yake. A watan Disamba na 2023 aka sanar da tarar fam 350,000 a kan ma'aikatar. Ba sai an je Landan ba kafin a fahimci darasin. Jerin masu karɓar magani a likita, ko na matan da aka rubuta domin taimakon abinci, ko na manoman da ake bi bashin taki, duk irin wannan jeri ne. Nijar kuwa tana da dokar kare bayanan mutane tun shekara ta 2017, aka sabunta ta a 2022, da hukuma ta musamman, HAPDP, wadda aka ɗora wa tsaron wannan haƙƙi.

Akwai kuma fitinar amsa wa kowa. A watan Nuwamba na 2016 an yi kuskuren aika wasiƙar gwaji ga ma'aikatan lafiya 840,000 a Ingila. Mutane da dama suka riƙa amsawa cewa a cire su, kowace amsa tana komawa ga jama'ar duka, har aikin wasiƙun ya cushe a wannan yini. Layin ɓoye yana maganin wannan, amma shi ma da nasa cikas: wasiƙar da ba ta ambaci sunan kowa ba, ba wanda ke jin cewa da shi ake, kuma injunan tacewa suna yi mata kallon tuhuma. Ban da haka kamfanonin sun sa iyaka. Mai akwatin Gmail na kyauta ba ya wuce mutum 500 a yini, mai akwatin biya na ma'aikata kuwa 2,000. Wanda ya ƙetare sai a tsayar masa da aikawa har kwana guda.

KOWA DA TASA, KO KUWA ZAURE GUDA

Hanya ta biyu ita ce wadda sakatarori ke kira publipostage da Faransanci. Ana shirya jadawali cikin Excel, suna a gefe, gari a gefe, adireshi a gefe, sa'an nan a rubuta wasiƙa ɗaya cikin Word a bar gurabe. Kwamfuta ta cika guraben, ta aika wa kowa tasa shi kaɗai: daraktan lakwal kaza, taronka ran kaza, a wuri kaza. Babu wanda ke ganin adireshin wani, kuma mutum ya fi girmama takardar da ta kira sunansa. Ga kiran ma'aikata ko sanar da sakamakon jarrabawa, ita ce ta fi dacewa. Sai dai jadawalin shi ne ran aikin. In layi ɗaya ya goce, takardar Malam wane ta tafi ga Malama wance, kuma kuskuren zai bi jerin har ƙasa. Iyakar nan ta yini ma tana nan, domin ta akwatin mai aikawa wasiƙun ke fita.

A nan ya kamata a ɗan tsaya a kan harafi guda. Adireshin Nijar yana ƙarewa da .ne, na Nijeriya da .ng, na Holan da .nl, ga kuma .net da ke ko'ina. Yatsa ya zame sau ɗaya, wasiƙa ta nufi wata ƙasa. Kada a ɗauka ƙananan ma'aikata kaɗai ke wannan kuskure. A shekara ta 2023 aka bayyana cewa shekara da shekaru wasiƙu masu ɗimbin yawa da aka nufa ga sojojin Amurka, masu adireshin .mil, suna ta faɗawa cikin .ml, watau rabon ƙasar Mali.

Hanya ta uku ta girmi yawancin masu amfani da ita. A shekara ta 1986 wani ɗalibi a Paris, Eric Thomas, ya rubuta tsarin LISTSERV, wanda ke riƙe jerin mutane a ƙarƙashin adireshi guda. Wanda ya rubuta wa wannan adireshi ya rubuta wa kowa. Mai son shiga ya shiga da kansa, mai son fita ya fita, ba sai sakatare ya gyara komi ba. Google Groups da makamantansa duk jikokinsa ne. Wannan kamar zaure ne: ya dace da mutanen da ke aiki ɗaya suna shawara da juna, kamar malaman gona na jaha ko shugabannin ƙungiyoyin manoma. Amma zauren da ba shi da babba, surutu ke cinye shi. In ba a naɗa mai tace saƙo ba, gaisuwar Juma'a da ta'aziyya da talla za su binne sanarwar da aka kafa jerin dominta, har mutane su daina buɗewa.

Hanya ta huɗu ita ce a ba kamfani aikin. Akwai irin su Mailchimp na Amurka, da Brevo na Faransa, wanda har shekara ta 2023 ake kira Sendinblue. Su ke riƙe jerin, su aika dubbai cikin ɗan lokaci, su cire adireshin da ya mutu, su sa wa kowace wasiƙa wurin da mai karɓa zai danna ya fita, su kuma ba da lissafin waɗanda suka buɗe. Manyan hukumomin da ke rarraba rahoton farashin kasuwa ko hasashen damina ga dubban masu karatu, irin wannan aiki suke bukata. Abin da ake biya iri uku ne. Na farko kuɗi ne, da kuɗin waje, ta katin banki, abin da ƙaramin biro a karkara ba ya da shi da zarar an wuce ɗan rabon kyauta. Na biyu, sunaye da adireshin ƴan ƙasa sun koma ajiya a wata ƙasa, ƙarƙashin dokarta. Ma'aikacin hukuma bai kamata ya yanke wannan shawara shi kaɗai ba. Na uku, lissafin nan na waɗanda suka buɗe ba abin dogaro ba ne sosai: tun shekara ta 2021 wayoyin kamfanin Apple suna iya nuna an buɗe wasiƙa alhali mai ita bai ko dube ta ba. Ma'aikatar da ta ƙi duk wannan tana iya kafa tata babbar kwamfutar wasiƙu, jerin ya zauna a gida. To amma sai da wuta dare da rana, da gwani mai kula, da haƙurin gina suna a idon manyan kamfanoni.

MASU TSARON ƘOFA

Maganar suna tana bukatar bayani, domin nan ne yawancin ma'aikata ke ruɗewa. Mutum ya danna, kwamfuta ta ce an aika, sai ya ɗauka an karɓa. Alhali tsakaninsa da mai karɓa akwai masu tsaron ƙofa. Saboda yawan wasiƙun talla da na damfara, kowane babban gidan imel yana da injin da ke auna wasiƙa kafin ya shigar da ita: daga ina ta fito, mutum nawa aka aika wa irinta, nawa suka yi ƙorafi. Wadda bai yarda da ita ba ya jefa ta kwandon shara, mai aikawa bai sani ba, mai karɓa bai gani ba.

Daga watan Fabrairu na shekara ta 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka tsananta sharuɗɗa, Microsoft ya bi sahu a watan Mayu na 2025. Duk mai aika wasiƙa 5,000 ko fiye a yini zuwa akwatunan Gmail dole ya cika shaidu uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC. Ma'aikacin biro zai gane su da sauƙi: ta farko jerin ƴan aiken da ofishi ya amince su kai takarda da sunansa ce, ta biyu hatimi ce da ke nuna ba a taɓa takardar a hanya ba, ta uku umurni ne na abin da za a yi da takardar da ta zo ba hatimi. Dole kuma mai aika talla ko takardar labarai ya ba mutum damar fita da danna guda, ya cire shi cikin kwana biyu, kada masu ƙorafi su kai uku cikin dubu. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya tattaro adireshin mutane daga takardun halartar taro ya riƙa yi musu ruwan wasiƙu ba da izninsu ba, kansa yake cuta: ranar da zai aika sanarwa mai muhimmanci, sunansa ya riga ya ɓaci a ƙofa.

DAGA BIRO ZUWA BAKIN RIJIYA

Duk abin da aka faɗa a sama, iyakarsa teburin ma'aikaci. Ƙididdigar shekara ta 2023 ta nuna cewa masu amfani da intanet a Nijar ba su kai rubu'in jama'a ba, mafi yawansu kuwa a birane suke, kuma cikinsu ma masu buɗe imel kullum kaɗan ne. Imel yana ɗauko sanarwa daga Yamai zuwa Maraɗi, daga Maraɗi zuwa Tasawa ko Mayahi, cikin ƙiftawar ido, da hatiminta da sa hannunta, a ajiye ta a nemo ta bayan shekara. Wannan babban ci gaba ne, amma da sharaɗin wuta da rezo. Mutanen wannan yanki ba su manta ba cewa a watan Agusta na 2023 an yanke wutar da ke shigowa daga Nijeriya, har da layin Katsina zuwa Gazawa, aka yi watanni ana fama. Ran 14 ga watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari cikin matsala. Takarda mai nauyi, wadda aka ɗauki hotonta shafi goma, tana iya kwana a hanya inda rezo ke da rauni. Gara a rubuta gundarin maganar cikin jikin wasiƙa, a bar hoton a matsayin shaida.

Daga Tasawa zuwa ƙauyukan Urafane, wayar salula ce ke da iko. Ta shigo Nijar a shekara ta 2001, ta kuma isa wuraren da waya mai igiya ba ta taɓa zuwa ba. Gajeren saƙo na SMS yana shiga kowace irin waya, ko ƙaramar nan mai tocila, ba ya bukatar intanet, kuma kamfanonin waya suna sayar wa hukumomi damar aika dubbai a lokaci guda. Amma kowane saƙo da kuɗinsa, kuma a nan akwai wani abu da ya shafi mai rubuta Hausa musamman. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160 muddin haruffan suna cikin jerin da aka tsara wa harsunan Turai. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin wannan jeri. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, sai saƙon duka ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kawai. Sanarwar da ta cika harafi 160 sai ta rabu uku, kuɗin mutum 500 ya zama na 1,500. Shi ya sa masu aikawa ke zubar da lanƙwasa, su rubuta kare a wurin ƙare, kasa a wurin ƙasa, baki a wurin baƙi. Tsohon mai karatu yakan gane daga ma'ana. Wanda bai daɗe da fitowa daga ajin yaƙi da jahilci ba, wanda malami ya sha wahala kafin ya raba masa k da ƙ, shi ake jefawa cikin ruɗu. Mafita tana hannun mai rubutu: ya taƙaita magana, ya zaɓi kalmomin da ba sa rikiɗa in an cire musu lanƙwasa, ya rubuta rana da wuri da kuɗi da lambobi.

Duk da haka SMS ba abokin gabar karatu ba ne. A shekarun 2009 da 2010 an yi gwaji a ƙauyukan jahohin Doso da Damagaram, ƙarƙashin shirin ABC da Jenny Aker ta jami'ar Tufts ta bi diddiginsa, inda aka haɗa darasin manya da koyon rubutu a wayar salula. Waɗanda suka koya da waya sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. Dalilin ba boyayye ba ne: wanda ke da abin karantawa kullum a aljihunsa ba ya saurin mantuwa.

Sai WhatsApp, wanda a yau ya zama babbar kasuwar labari, saboda yana ɗaukar murya, mai karatu da marar karatu duk su ji. Ƙungiyar RECA ta zaurukan manoma na Nijar tana amfani da shi wajen amsa tambayoyin manoma da Hausa da Zabarmanci, manomi ya ɗauki hoton ganyen da tsutsa ta ci ya tura, a ba shi shawara da baki. Shi ma hanyoyinsa sun rabu kusan yadda na imel suka rabu. Rukuni yana ɗaukar mutum har 1,024, amma kowa yana ganin lambar kowa, abin da mata da yawa ba sa so, kuma kowa na iya magana. Jerin watsawa yana aika wa kowa shi kaɗai, amma bai wuce mutum 256 ba, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikawa a wayarsa, sharaɗin da ma'aikata da yawa ba su sani ba. Tashoshin da aka ƙaro a shekara ta 2023 suna ɓoye lambobin mabiya, sai dai ba a yi su domin tattaunawa ba. Babban rauninsa kuwa shi ne rashin hatimi. Muryar da aka ɗauka bara a Dakoro tana iya yawo bana a Urafane a matsayin sabuwar sanarwa. Kamfanin da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda tun watan Janairu na 2019 domin rage yaɗuwar jita-jita. Saboda haka duk saƙon murya na hukuma ya kamata ya fara da sunan ofishi, da ranar da aka yi shi, da ƙasar da ya shafa, kafin a shiga magana.

Rediyo kuwa har yanzu ba a sami wanda ya kai shi nisa ba. Muryar Sahel da ƙananan gidajen rediyon karkara suna shiga gona da ruga da ɗakin matan da ba su da waya, ba su tambayi adireshin kowa ba, saboda haka ba su da jerin da zai fasu. Amma maganar rediyo iska ce: wanda ya tafi rijiya lokacin da aka faɗa ya rasa, kuma ba a iya kiran mutum guda ta nan a kan abin da ya shafe shi shi kaɗai.

In aka koma ga sanarwar sayar da cimaka da aka fara da ita, za a ga cewa biro mai tsari zai raba ta kashi-kashi. Takarda mai hatimi ta tafi ta imel ga perefe da shugabannin ma'aikatu, sunayensu a fili domin kowa ya san an gaya wa ɗan'uwansa. Masu gari da daraktocin lakwal da ma'aikatan likita su sami SMS mai ɗauke da rana da wuri da farashi. A ɗauki murya guda da Hausa, wata da Fulatanci, wata da Tamajak, a ba rediyo ta maimaita kwana uku, a kuma sa ta cikin rukunonin manoma. Jerin sunayen waɗanda za su amfana kuwa ya tsaya a takarda, a hannun kwamiti. Ran kasuwa sankira ya fito da gangarsa.

Abin da ya rage shi ne aikin da ba wanda ke so, watau gyaran jerin. Kowace shekara, kafin buɗe lakwal a watan Oktoba, ana canza wa malamai wurin aiki. Ma'aikatan lafiya da na gona su ma haka. Mutane suna sauya lamba in waya ta ɓace ko in wani kamfani ya fi rezo a garinsu, samari su tafi cin rani Kano ko Agadas ko Libiya da layin da aka rubuta da sunan mahaifinsu. Jerin da aka tsara bara, in ba a bi shi suna bayan suna ba, bana wani sashensa yana kiran mutanen da suka bar ƙasar Urafane tun kaka.